An Sa Wa Motar Marigayi Sabon Kik

Ke mai rubuta maganar nan, yadda na faɗa haka za ki danna. Wancan karon da aka karanta min na ji kin sa wai "hawaye suka zubo min." Ni Baiwa? Hayaƙin ɗanyen itace ne. Yau kuwa a fusace nake, in kin ji zagi ki bar shi a inda na ajiye shi.

Masu karatu, sannunku da zama. Wanda bai san ni ba, ni ce Iya Baiwa ta Toranke. Haƙorana na gaba suna nan, na baya sun riga ni tafiya. Mai gidana ya rasu ya bar min 'ya'ya da gona da wata tsohuwar a-kori-kura, wadda a da fara ce, yanzu launinta sai Allah. Ita ke kai mana gyaɗa da gero kasuwar Gaya da ta Ajingi.

Motar nan tun marigayi yana da rai ba ta tashi da makulli. Abin nan da ke juya inji in an murɗa makulli, kik suke ce masa, ya mutu tun kafin a yi wa autata Naja'atu aure. Marigayi ya ce ba zai sayi wani ba, ga gangare Allah ya ba shi kyauta. Ƙofar gidanmu a kan tudu take, ta gangara har bakin hanya. Da yamma a hau da motar, a juya hancinta ƙasa, a sa dutse a taya. Da safe a zare dutsen, ta mirgina, a saki kuloci, ta yi tari ta kama. A kasuwa kuwa 'yan dako su tura. Duk garin nan babu gangare irin nawa, shi ya sa motar nan dole a ƙofata take kwana.

Mai tuƙa ta shi ne Malam Bunu. Babarbare ne, dogo, baƙi, da zanensu a fuska, matarsa ta rasu da daɗewa. Kullum kafin magariba zai hau da motar, ya sa dutse, ya yi sallama a zaure. In fito mu gaisa, ya hau kekensa ya tafi. Da safe ya dawo, in miƙa masa koko a kwanon sha mai marfi, wanda ban taɓa ba wa kowa ya sa baki ba sai shi.

To ga abin da ban gaya wa 'ya'yana ba, ku nake gaya wa tunda ba ku san ƙofar gidana ba. Ina jiran ƙarar motar nan. Da rana ta karkata sai in ga hannuna ya kai kan kwalli. In canza ɗankwali. In ɗan turara mayafi. Shi kuwa gogan, shekara da shekaru, maganarsa ba ta wuce "An wuni lafiya? Ya ƙafar? Kokon jiya tsaminsa ya yi daidai." Ranar da gwiwata ta kumbura ya zaro man zafi daga aljihu ya ajiye a dokin ƙofa, ya ce wai tsinta ya yi a mota. Da ledarsa, ba a ko fasa ba. Barebari ba su iya ƙarya ba, ba su kuma iya gaskiya ba.

Ana nan sai ga saƙon murya daga ɗan farina. Ba na faɗin sunansa, ku kira shi Alhaji yadda 'yan kasuwar hatsi na Gaya ke kiransa. Na danna na kara a kunne.

"Iya, barka da gida. Na yanke shawara zan sa wa motar Baba sabon kik. Wannan turin abin kunya ne. In an gyara, a gidana za ta riƙa kwana a nan Gaya, akwai get, akwai yaron shagona da zai tuƙa. Baba Bunu ya tsufa, ya huta haka nan. Ke ma kin huta da tashin safe."

Na huta! Wa ya kai masa ƙarar na gaji? Ban gama haɗiye wannan ba sai ga na Naja'atu daga Ajingi, murya ƙasa-ƙasa kamar mai satar nama a tukunya.

"Iya, don Allah kada ki ce ni na gaya miki. Wai a majalisa aka tsokani Yaya, aka ce uwar Alhaji tana zance a zaure da direba. Ya dawo gida ko abinci bai ci ba. Motar ba ita ce damuwarsa ba."

Ai na sani. Yaron da na yi wa tsarki da hannun nan, wai shi ne zai tsare min zaure. Bai isa ya ce da ni "kada ki fita gaisuwa" ba, sai ya bi ta kan ƙarfe. In mota ta tashi da makulli, ba ta bukatar gangarena. In ba ta bukatar gangarena, Malam Bunu ba shi da abin da zai kawo shi ƙofata. Lissafin ke nan, ko akuya ta gane.

Ban ba shi amsa ba. Ni da shi ba ma doguwar magana, ɗan fari ne. Na dai tura wa Naja'atu cewa ta gaya wa yayanta na gode, Allah ya saka masa da daidai abin da ya nufa.

Aka kai mota garejin wani mai gyaran wayoyin wutar mota a Gaya, Abdulmumin rewaya. Na wuni ban fita tsakar gida ba. Ko kwallin ban taɓa ba. Can wajen magariba sai na ji ta. Wannan tarin nata, wannan kukan salansa kamar an shaƙe jaki. Na leƙa ta kafar ƙyaure, sai ga ta tana hawa tudu, Malam Bunu ya juya hancinta, ya sauko ya sa dutse.

"Af, Malam, ba an ce a Gaya za ta kwana ba?"

"An sa kik ɗin, Iyan Naja'atu. Sabo fil, da kwalinsa. An murɗa makulli ta ce ƙas. Aka sake, ta ce ƙas. Turo ta muka yi."

"Ayya. Abu bai yi daɗi ba."

Na koma ɗaki na rufe ƙofa na yi dariya har gwiwata ta motsa. Washegari kokon da na dama har da madarar gwangwani.

Haka aka shiga zarya. Kullum su kai ta gareji bayan an sauke kaya, kullum ta dawo min. Malam Bunu yana ba ni labari a zaure, ni kuma ina jajantawa da fuska. Da farko Abdulmumin ya ce batir ne ya yi sanyi, tunda mai turi ba ya sanin batirinsa ya mutu. Aka ciro na wata bas mai zuwa Kano aka sa. Ƙas. Ya ce kawunan batir ne, ga wani farin gari ya taru a kai kamar kanwa. Aka kankare, aka wanke da ruwan zafi, aka ɗaure tam. Fitilu suka ƙara haske, hon ya yi kuka har kaji suka watse, aka murɗa makulli, ta ɗan yi gurnani kamar za ta juya, ta fasa. Alhaji ya ce to kik ɗin ne jabu. Suka kwance shi, suka koma wurin mai shago da faɗa. Mai shago ya ajiye shi a ƙasa, ya taka da ƙafa, ya jona masa wuta daga batir. Abu ya yi tsalle yana juyi kamar injin markaɗe. Suka kwaso kayansu suka dawo.

Ni dai ina ta addu'a. Ba zan gaya muku me nake roƙo ba.

Sai ɗan farin nan nawa ya yi abin da har yanzu in na tuna ƙirjina ke zafi. Ya zo Toranke da kansa da hantsi, cikin shadda ruwan toka tana ƙyalli, ya tsaya a ƙofar gida, ga masu tura ruwa, ga mata masu zuwa niƙa, ya dubi Malam Bunu.

"Baba Bunu, ni fa abin nan ya fara ba ni mamaki. Kik lafiya, batir lafiya. A ƙasa yana juyi, a jikin mota ba ya yi. Kuma mutum ɗaya ne yake kwana da makullin."

"Me kake nufi, Alhaji?"

"Ba na nufin komai. Na dai ce duk wanda yake da amfani da lalacewarta, ya ji tsoron Allah."

Ina bayan ƙyaure da muciya a hannu. Wallahi da ba ɗan fari ba ne da ya ji ta a ƙeya, shaddar da komai. Mutumin da ya tuƙa ubansa zuwa asibiti, ya tuƙo gawarsa ya dawo da ita, shi ake ce wa ya ji tsoron Allah a gaban masu tura ruwa. Malam Bunu ya zare dutse ya shiga mota. Kokon ma bai sha ba, na zuba wa awaki.

Da yamma ya yi sallama, na fito, na ga idonsa ya faɗa.

"Malam, ka rabu da shi. Yaro ne."

"Yaro mai furfura a gemu? An ce na yi wa mota illa, Iyan Naja'atu. Ni. Gobe kasuwa, zan tsaya a garejin nan har sai an gano ciwonta."

"In ba a gano ba fa? Motar da ta shekara nawa tana tashi da gangare, yau ne za ta mutu?"

"Sai an gano."

"Malam Bunu, na ce ka bar ta yadda take."

Jama'a, mace mai jikoki ta faɗi haka da bakinta, me ya rage? In tsaya a kasuwa in yi shela? Ya dube ni, ya dubi takalminsa, ya ce wai gobe akwai buhunan gyaɗar Liman da zai fara saukewa. Ya hau kekensa.

To ni ma na ce ba a yi ba ni. Da safe na ciro atamfata mai ganyen kuka, wadda na ajiye don suna, na ɗaura ɗankwali na turo shi gaba, na yafa farin mayafi mai aiki a baki, na sa takalmin da Naja'atu ta sayo min wanda ke cin ɗan yatsana. Na fito na buɗe gaban mota na zauna. Ya ce ina zuwa? Na ce Gaya, sayen daddawa. Ya san daddawa a ɗakina ta fi ta kasuwa. Ya zare dutse muka gangara.

Garejin ƙarƙashin wata darbejiya yake, ƙasa duk baƙin mai. Abdulmumin ɗan gajere ne, rigarsa ba a gane asalin launinta, da guntun waya a bayan kunne. Yana ganina ya washe baki.

"A'a, yau amaryata ce da kanta? Kaka, wannan kwalliya ai sai ki sa in ƙone hannu."

"Ka fara iya tayar da mota tukuna, sannan ka nemi mata. Kawo min benci."

Ya kawo, ya goge da gefen rigarsa, ya ƙara masa dauɗa. Na shimfiɗa leda na zauna. Alhaji ya iso, ya gan ni, fuskarsa ta canza. Ya durƙusa ya gaishe ni, na amsa ina kallon darbejiya.

Aka ɗaga bonet. Abdulmumin ya shige ƙarƙashi ya fito, ya ɗauko wani ɗan ƙwan fitila mai waya yana taɓa nan yana taɓa can.

"Wuta tana zuwa har bakin kik, Alhaji. Ga ta, ka gani. Ƙaramar wayar makulli ma tana kawowa. Baba Bunu, murɗa. Riƙe, kada ka saki. Riƙe dai."

Motar ta yi wani nishi mai nauyi, uuu, uuu, kamar saniya a bakin haihuwa. Sai wari ya tashi, warin roba tana ƙonewa. Ni na fara ji, na ce wani abu yana cin wuta. Malam Bunu ya sauko da sauri ya leƙa, ya kai hannu kan wata siririyar waya, wadda ke jan totur in an taka, ya fizge hannun yana yarfewa. Ta yi zafi har robar jikinta ta narke. Ya sa yatsan a baki yana kallon injin.

Abdulmumin ya sosa kai da sifana.

"Alhaji, gaskiya ɗaya ce. Ina jin ciwon a ciki yake. Akwai wani babban faifai mai haƙora a bayan inji, shi kik yake kamawa ya juya. Motar da ta daɗe haka, wataƙila haƙoran sun cinye ko wani abu ya cije. Sai an sauke giyabos an duba. Aikin kwanaki ne, kuma ban yi maka alkawarin za a samu irinsa ba."

Alhaji ya cire hula ya mayar. Ga kakar gyaɗa, ga buhuna jibge a gona, motar ba ta da ranar zama. Ya yi tsaki.

"Ba za a sauke komai ba yanzu. A bar ta. A ci gaba da turin, ta ci gaba da kwana inda take kwana." Ya juya ya harari Malam Bunu. "Wanda ya so haka, ya samu. Allah yana gani."

Masu karatu, na samu! Na riga na fara naɗe ledata. Zagin da ya yi, na ce a raina, zan wanke wa mutumin nan shi da koko da madara har ƙarshen rayuwarsa. Sai na lura Malam Bunu bai motsa ba. Yatsa a baki, ido a ƙarƙashin mota, can wajen salansa. Na san wannan tsayuwar. Ya tuna wani abu.

Ya ɗago ya dube ni. Na dube shi. Duk abin da ido ke iya faɗa na faɗa masa. Na ƙanƙance su, na girgiza kai kaɗan, har ɗankwalina ya zame. Makaho ma da ya gane.

Ya cire yatsan daga baki.

"Abdulmumin, duba min ko akwai wayar at, mai mayar da wuta daga inji zuwa jikin mota."

"Wace mota ce ba ta da at, Baba?"

"Duba dai."

Ya sake shigewa da fitilar waya. Muka ji muryarsa daga ƙasa. "La ilaha illallahu! Ga ramin notin, babu waya. Ina ta tafi?"

"Matsa baya, wajen salansa. Me ya ɗaure ta?"

Sai dariya ta ɓarke a ƙarƙashin mota, har ƙafafunsa suna dukan ƙasa.

Ashe wata shekara da damina, a hanyar Ajingi, salansa ta faɗi cikin taɓo, Malam Bunu da marigayi suna cikin motar, ga kaya, ga hadari. Babu igiya, babu waya. Marigayi ya leƙa ya ga wata kakkaurar waya saƙaƙƙiya kamar kitso, ya ce wannan ta kik ce, kik kuwa ya mutu, zaman banza take. Ya kwance ta ya ɗaure salansa da ita. Mota ta ci gaba da tashi da turi, ba wanda ya sake tunawa. Abdulmumin ya fito yana share hawaye yana yi wa Alhaji bayani, wai wutar da ta shiga kik dole ta sami babbar hanyar komawa batir, da ta rasa sai ta bi ta siririyar wayar totur, shi ya sa ta yi zafi, shi ya sa kik ɗin ke nishi ba ƙarfi.

Ya ɗauko wata jar waya mai baki kamar kada, ya maƙala ɗaya a batir, ɗaya a jikin inji.

"Baba, murɗa."

Ko gama murɗawa bai yi ba. Ta tashi. Motar da ban taɓa jin ta tashi a tsaye ba tun ina da haƙoran baya, ta tashi kamar budurwa an kira ta zance. Masu faci suka yi tafi. Wani mai rake ya yi kabbara. Aka sa sabuwar waya, aka kashe, aka tayar, aka kashe, aka tayar, kowane tashi kamar ana taka min gwiwa.

Alhaji ya sunkuyar da kai. "Baba Bunu, ka yafe min. Na yi maka mummunan zato."

"Ba komai, Alhaji." Ya zare makulli ya miƙa masa da hannu biyu.

Kuma yaron nan ya karɓa! Ya nemi gafara da baki, ya karɓi makulli da hannu, ya jefa a aljihun shadda. Ya ce da ni in zo ya sa a kai ni gida. Na miƙe, na kakkaɓe atamfata, na taka har gaban Malam Bunu. Ban damu da masu faci ba.

"Sannu, mai gaskiya. An wanke ka tas. To gobe da yamma me za ka zo ajiyewa a ƙofata?"

Ya hau gyara zaman hularsa.

"Na tambaye ka."

"Iyan Naja'atu, mutane..."

"Mutane sun ji ana ce maka maci amana, ba ka mutu ba. Wannan ce za ta kashe ka?"

Na juya na tare adaidaita. Ko daddawar ban saya ba.

Ranar nan da yamma ba abin da ya hau tudu. Na zauna a tsakar gida ina tsince wake, ina zagin Barebari kaf, na da da na yanzu. Na zagi marigayi ma, Allah ya jiƙansa, da bai yar da wayar a taɓo ba. Washegari na dama koko daidai cikina. Kwanon mai marfi na wanke shi na kife a can saman kwanuka inda sai da kujera ake kaiwa. Naja'atu ta turo saƙo wai "Iya, Yaya ya ce kin yi faɗa a gareji, da gaske?" Na tura mata cewa ta tambayi yayanta, shi da yake da makulli.

Bayan la'asar Alhaji ya zo da motar, shi da kansa yake tuƙi, wai zai kwashi buhunan da ke rumbu. Ya kashe ta a fili, ba dutse ba komai, don dai in gani. Ya shigo ya gaishe ni, na amsa wa bango. Yana zaure yana ƙirga buhu sai na ji ƙarar babur ya tsaya, na ji sallama. Muryar da na sani ce, amma ba lokacinta ba ne.

Na leƙa ta labulen zaure. Malam Bunu ne. Farar babbar riga wadda ban taɓa gani ba, karin guga har yanzu a jiki, hula zanna, yatsa ɗaya naɗe da tsumma. Bayansa Liman ne da wani dattijo ɗan uwansa, riƙe da ƙullin goro a ganye. Ba keke, ba mota, ba buhu.

Haushi dai bai sake ni ba. Na ce daga bayan labule, "Motar ba ta kwana a nan yanzu, Malam. Ka yi ɓatan kai."

"Ba wurinki na zo ba, Iyan Naja'atu. Wurin Alhaji na zo."

Aka shimfiɗa tabarma. Liman ya yi gyaran murya ya ce kamar yadda aka sani, macen da mijinta ya rasu ita ke da ta cewa a kanta, amma aure sai da waliyyi, kuma wanda ya fi kusa da ita a wannan, ɗanta ne. Don haka Malam Bunu ya zo neman auren Baiwa a hannun ɗanta.

Kun ji fa. Ubana ya rasu, yayyena maza sun rasu, sai a hannun wannan, da ƙurar buhu a gemu. Na leƙa fuskarsa. Kamar an watsa masa ruwan kanwa. Ya dubi goro, ya dubi Liman, ya dubi farar rigar. Ya toshe ƙofar gaisuwa, ga shi an zo masa da goro.

"Baba Bunu... wannan magana... ai da girma. Iya fa ta manyanta. Me mutane za su ce?"

"Abin da suke cewa yanzu ya fi muni, Alhaji," in ji Liman.

"To... sai na yi shawara da ƙannena. A ba ni lokaci. Bayan kaka, ko bayan Sallah, mu gani."

Bayan Sallah. Na san wannan bayan Sallar, ba ta zuwa. Na ga Malam Bunu ya fara gyaɗa kai, zai ce "ba komai, Alhaji," irin na jiya. Wannan mutumin in aka bar shi zai yi haƙuri har a kai mu kushewa.

Ban ɗaga labule ba. Ban kuma yi magana da yaron ba, da Liman na yi.

"Malam Liman, a gaya wa waliyyina ya yi shawararsa, ba a hana shi ba. Amma a gaya masa ni na gama tawa. Juma'ar nan, bayan an sauko. In ya zo ya bayar da ni, Allah ya yi masa albarka. In bai zo ba, kai ka san wanda ke bayarwa in waliyyi ya ƙi ba dalili, kuma na san hanyar kotun."

Sai na koma kan mai farar riga.

"Kai kuma Malam Bunu, in ka ce 'ba komai' a wurin nan, ka ɗauki goronka."

Bai ce ba. Ya sa hannun nan mai tsumma ya tura ƙullin goron gaba, sannu a hankali, har ya taɓa gwiwar Alhaji. Ya bar shi a nan.